Intabiyu ta Zoom ranar kasuwar Maigatari, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na nemi aikin tattara bayanai a wata ƙungiya da ke yaƙi da tamowa a tsakanin ƙananan yara, jiya suka turo imel wai za su yi min intabiyu ta Zoom ranar Alhamis, ƙarfe 12 na rana, suka rubuta EAT a gefe. Ni a wani ƙauye nake kusa da Maigatari, NCE na yi a Gumel, kuma ban taɓa yin irin wannan ba. Kwamfuta babu, waya ce kawai. Sabis a gidanmu sai an tsaya gindin darbejiyar ƙofar gida, wani lokacin ma wayar ta tsallake ta kama na Nijar. Ga injin markaɗe a maƙota. Ta ina zan fara?

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka ga EAT ɗin nan? Agogon gabashin Afirka ne, irin na Kenya, sun riga mu da awa biyu. Sha biyunsu ƙarfe 10 na safe ne a nan. Da ka zauna jiran sha biyu, da ka tarar kasuwa ta watse. Ka mayar musu da imel yau, ka ce ka fahimci 10 na safe ne a agogon Najeriya, su tabbatar maka. Ka kuma nemi lambar wayar da za ka kira idan abu ya yanke. Sannan Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, mutane maƙil, kowa na kira yana tura kuɗi, sabis yakan yi nauyi. Ni da ni ne, Gumel zan taho na kwana tun Laraba.

Mai shagon caji:
Aboki, abin da ya fi kayar da masu waya shi ne kira ya shigo ana tsakiyar magana, a yawancin wayoyinmu data takan tsaya nan take. Ka aro waya ta biyu ka kunna hotsifot a kanta, taka kuma ka sa mata alamar jirgi, ka buɗe WiFi kawai. Ita ta aron a sa mata layin da babu mai kiransa. Ka zuba 2GB, ya fi a ce ta ƙare ana cikin tambaya. Idan a yankinku za ka zauna, ka shiga saitin layi a wayar aron ka zaɓi kamfaninka da hannu, ka kashe romin, kada ta gudu Nijar. Zoom kuma ka sauke shi yau, ka shiga zoom.us/test ka ji muryarka ka ga fuskarka. Ka gyara sunan da zai fito, kada su ga sunan waya ko wani laƙabi na Facebook. Kar ka jona caji ana cikin yi, wayar zafi take, ka cika ta tun dare.

Anti Malamar Asibiti:
Ƙanena, bari na ba ka labarin tawa. Na zauna na ba wa taga baya saboda iska, ashe su baƙin inuwa kawai suke gani sanye da hijabi. Sai da matar ta ce na juya. Na juya, wayar da na jingina da kwanon sha ta zame ta kife, suka ɓata lokaci suna kallon rufin kwano ina ta ba da haƙuri. To ka fuskanci haske, bayanka ya zama bango tsaf, ba igiyar shanya ba. Ka ɗora wayar kan littattafai har kyamara ta zo daidai idonka, ka tokare ta gaba da baya. Kar ka riƙe a hannu, hannu rawa yake idan gaba na faɗuwa. In kana magana ka kalli ɗan ramin kyamarar, ba hotonka ba. Da wuya, amma ta haka ne suke jin kana kallonsu. Iyafis mai igiya ya fi min kwanciyar hankali. Kaftani mai guga da hula sun isa, ba sai ka aro kwat ba. Kuma kar ka sa bangon ƙaryar nan na Zoom, rabin hula yake cinyewa.

Malam Hedimasta:
Ɗana, duk sun yi maganar waya, ni maganar baki zan yi. Mutanen nan ba kyamara za su ɗauka aiki ba. Mai tattara bayanai suke so, wanda zai shiga gida gida. Ka san yadda ake sallama ga mai unguwa kafin a shiga gari, ka san lokacin da mata suke surfe ba sa son tambaya, ka san rugagen da babur kaɗai ke kaiwa da damina. Wanda ke zaune a Abuja bai san wannan ba, kai kuwa ka faɗe shi da misali. Za su iya tambayarka ko ka taɓa aiki da KoboCollect ko ODK, manhajojin cike bayanai a waya. In ba ka taɓa ba, ka ce ba ka taɓa ba, amma ka duba su kafin ranar. Idan Turancinsu ya yi maka sauri, ka ce su maimaita, ba abin kunya ba ne. Batun tafiya Gumel kuwa ban goyi baya kai tsaye ba. Ɗakin da ba ka sani ba, ba ka san hayaniyarsa ba.

Ɗan Gumel:
Malam, da girmanka, hayaniya ana iya roƙon a rage ta, sabis kuwa ba ya jin roƙo. Amma na yarda ya gwada duka biyun. Gobe da goma daidai ya kira ni ta Zoom daga gida, mu yi minti 20 mu gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi sha biyu na sa a raina, sai da gabana ya faɗi. Na tura imel ɗin, sun amsa cewa 10 ne, sun ba da lamba. Mai injin markaɗe ya ce in dai awa ɗaya ce zai kashe, da sharaɗin in na samu aikin na sayo masa goro. Yaya na Gumel, gobe da goma zan kira. In ya yanke ko sau ɗaya ne, ka share min tabarma ranar Laraba.