Daga lissafin cif zuwa gwanjo da dabarun kasuwanci: waɗanda bincikensu ya tsallaka fage, yaya kuka ƙare?

Ummu Silikon:

Assalamu alaikum. Ina digirin digirgir a sashen lantarki. Da samfurin lissafi na tiransista na fara, irin wanda ake ɗora wa manhajar SPICE don a hango yadda da'ira za ta yi aiki tun ba a kai ta masana'anta ba. Daga nan aikin ya ja ni zuwa lissafin yawan cif (ƙananan da'irorin lantarki da ke cikin waya da kwamfuta) masu kyau da ke fita daga faifan silikon guda, wato faifan da ake buga cif da yawa a kansa sannan a yayyanka. Can kuma na yi karo da tambayar da ba ta sashenmu ba: idan masana'anta ta kasa wadatar da kowa, kamar a 2021 da kamfanonin motoci suka yi ta tsayar da aiki saboda ƙarancin cif, wa za a ba faifan, kuma da wace ƙa'ida? Yanzu rabin kundina gwanjo ne. Malamin da ke duba aikina bai hana ba, sai dai ya ce bai san wa zai kira ya zauna a kwamitin kare kundin ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimaka ya faɗa mana yadda ta kaya da shi.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, hanyar da kika ɗauko ita na bi, sai dai ni sai da na gama digirin na juya.

Aikina na farko shi ne daidaita samfuri da awo. A ɗora faifan a kan na'ura, a sauke allurai a kan tiransista ɗaya, a riƙa ƙara ƙarfin lantarki kaɗan-kaɗan ana rubuta abin da ke gudana. Sannan ka koma kwamfuta ka yi ta murɗa ma'aunan BSIM, wato samfurin tiransista da ake ɗora wa SPICE, ma'aunan da suka kai ɗaruruwa, har layin samfurin ya kwanta a kan ɗigon awon. SPICE ta fito daga jami'ar Berkeley a 1973, BSIM ma can aka haife shi, kuma tarbiyyar da suke yi wa mutum guda ce: samfurin da bai dace da awo ba shara ne, komai kyawun lissafinsa. Wannan tarbiyya ta yi mini rana a wurin masu tattalin arziki, domin na fi yawancinsu saurin tambayar ina bayanan.

Abin da ba ta shirya ni a kansa ba shi ne wannan. Tiransista ba ta karanta takardarki. Ki buga samfurinta a mujalla, gobe halinta na jiya za ta yi. Mai saye kuwa yana karanta ƙa'idar, ya sauya hali a kanta. Idan masana'anta ta ce za ta raba faifai gwargwadon abin da kowa ya nema, mai buƙatar dubu sai ya rubuta dubu biyu, na kusa da shi ma haka, sai littafin oda ya cika da buƙatar da babu ita. Cachon da Lariviere sun yi takarda a kan wannan a 1999, ki neme ta kafin ki ƙara rubuta ko layi ɗaya. Ranar da na fara gabatar da aiki a gaban masana tattalin arziki, ban kai shafi na uku ba wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, me zai sa masu tayin nan su faɗa maka gaskiya? A kan tambayar nan aka cinye lokacin gaba ɗaya, jadawalin awon da na kwana ina gyarawa ko kallonsa ba a yi ba.

Malam Gwanjo:

Yaya Injiniya, da ni ne a ɗakin nan, tambayar da zan yi ke nan. Ni daga ɗaya ɓangaren na zo: tattalin arziki na karanta, aiki da injiniyoyi ne ya same ni daga baya.

Malama Ummu, kada ki ji kamar baƙuwa ce ke a fagen nan. Sanannen abin nan na cewa wanda ya ci gwanjo sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar kayan, har cin ya zame masa asara, injiniyoyin man fetur uku ne na kamfanin Atlantic Richfield suka rubuta shi a 1971, bayan sun lura da abin da ke samun kamfanonin da ke cin filayen haƙar mai. Paul Klemperer, wanda shi da Ken Binmore suka tsara gwanjon mitar 3G (lasisin zangon rediyo na wayar salula) na Birtaniya a 2000, wanda ya tara fam biliyan 22.5, injiniyanci ya fara karantawa a Cambridge.

Wanda ya fi kusa da ke shi ne gwanjon da hukumar sadarwa ta Amurka ta yi daga 2016 zuwa 2017, inda aka sayi mita daga gidajen talabijin aka sayar wa kamfanonin waya, aka tara kusan dala biliyan 20. A kowane zagaye sai an duba ko tashoshin da suka rage za su shiga ragowar mitar ba tare da sun shiga wa juna ba. Manhajar da ta yi wannan duba, wadda ƙungiyar Kevin Leyton-Brown ta haɗa, a kan masu warware matsalar SAT aka gina ta, wato manhajojin da ke duba ko za a iya cika tarin sharuɗɗa gaba ɗaya, dangin waɗanda ku kuke tantance da'irar cif da su. Ni sai da na zauna gefen wani ɗalibin lantarki ya yi ta zana mini a allo kafin na gane abin da ke gudana a ciki.

Gargaɗina ɗaya ne, kada kyawun hujjar lissafi ya ruɗe ki. Vickrey ya nuna tun 1961 cewa idan mai tayi mafi tsoka zai biya farashin na biyu ne, faɗin gaskiya ya fi masa. Hujjar ba ta da aibu. Amma da New Zealand ta yi amfani da tsarin a 1990 ba tare da ta sa mafi ƙarancin farashin sallamawa ba, wani kamfani ya taya lasisi dalar ƙasar 100,000 ya biya dala 6. Je ki yi wa ɗan majalisa bayanin cewa lissafin daidai ne.

Dakta Zee:

Ku yi mini afuwa, Malam, kun ba ta tarihi mai daɗi, amma ita kwamiti take nema da aikin yi bayan digiri. Ni takarda ɗaya na yi ta yawo da ita. Alƙalan mujallar injiniyoyi suka ce ba su ga sabuwar na'ura ko sabon awo ba. Na tattalin arziki suka ce ina hujjar da ba a taɓa kawowa ba. Na dabarun kasuwanci suka ce to, sai manaja ya yi me da wannan? Kowannensu da gaskiyarsa. Sai da na yanka ta, na ba kowane fage abin da yake ganewa, sannan ta shiga. Wurin neman aiki ma haka: sashe ne ke ɗaukar mutum, kuma tambayarsu ta farko wane darasi za ki koyar wa 'yan aji ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ki zaɓi gida ɗaya da za a san ki da shi, sauran biyun ki riƙa kai musu ziyara.

Baban Ilham:

Ni a makarantar koyon kasuwanci nake, kuma na yi hira da manajojin saye na kamfanonin da ke bayar da ƙirar cif a buga musu. Malama, abin da na ji daga bakinsu zai iya taɓa ginshiƙin kundinki, gara ki ji shi yanzu.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki faifan silikon a matsayin hajar da za a buga wa ƙararrawa. Wata manaja ta buɗe mini jadawalin aikinsu a kwamfuta, ta sa yatsa a kan layin da aka zaɓi masana'anta, ta ce daga nan an ɗaure. Ƙirar cif ana yin ta ne a kan ƙa'idoji da samfuran masana'anta guda, sauya masana'anta kuwa kusan sake aikin ne, da watanni da kuɗi masu yawa. Ita ma masana'antar ta san wanda ta matse a shekarar ƙaranci zai tuna a shekarar yalwa. Tun da Morris Chang ya kafa TSMC, masana'antar Taiwan da ke buga wa wasu kamfanoni cif, a 1987 a kan alkawarin ba zai yi gasa da abokan cinikinsa ba, amana da doguwar yarjejeniya ce jarin wannan sana'a. Shi ya sa da ƙarancin ya zo, abin da aka fi gani shi ne yarjejeniyar shekaru da biyan kuɗi tun kafin a karɓi kaya.

Wannan bai kashe aikinki ba, yana iya sauya masa alƙibla ne. Ki duba binciken Robert Burgelman a kan ficewar Intel daga kasuwar DRAM, wato cif na ma'adanar bayanai ta kwamfuta, a 1985. Ya gano cewa a cikin kamfanin akwai ƙa'idar ba da faifai ga kayan da suka fi riba a kan kowane faifai, manajojin tsakiya suka yi ta bin ta, har rabon DRAM ya yi ta raguwa tun shugabanni ba su yanke hukunci ba. Ƙa'idar rabo ce ta ja kamfanin zuwa inda ya dosa. Da ni ne ke, a nan zan kafa tambayata, domin a nan fagagen naki uku suke haɗuwa da kansu.

Ummu Silikon:

Na gode ƙwarai, Baban Ilham, abin ya ɗan sosa ni amma na karɓa. Ga inda nake ganin ina da abin cewa. Faifan milimita 300 ba darajarsa ɗaya ba ga kowa. A lissafin Poisson, wanda ake ƙiyasta yawan cif masu kyau da shi, idan aibu 0.1 ne a kowace murabba'in santimita, mai cif na santimita ɗaya zai samu kusan kashi 90 cikin ɗari masu kyau, mai na santimita shida kuwa kusan 55. Kuma yawan aibun yana sauka yayin da masana'anta ke gogewa da sabon tsari, ita ta san saurin saukarsa, mai saye bai sani ba. Takardun gwanjon da na karanta suna ɗaukar darajar kaya a matsayin lambar da ta faɗo daga sama. Dakta, ko wannan ya isa ya zama gida?

Mai Jiran Sakamako:

Ni ban da labari mai daɗi. Malamai biyu aka haɗa mini daga sassa biyu, kowanne yana jiran ɗayan ya fara sa hannu, tallafin karatuna ya ƙare kundin bai kammala ba. Ki sa a rubuta a takarda wane ne babba a cikinsu, da abin da za a kira an gama, tun yanzu.

Dakta Zee:

Ummu ƙanwata, ya isa ya zama gida, amma sunan gidan shi ne binciken sarrafa ayyuka da sarƙar samar da kaya, can ne ake karɓar takardar da ke da lissafin masana'anta da halin masu saye a tare. Ki nemo mutum ɗaya daga can ya shiga kwamitin, da masanin gwanjo ɗaya, ki kai musu babin tun yana ɗanye. Malaminki ya riƙe babin tiransista da na aibu, wanda ba mai ja da shi a kai.

Tsohon Injiniya:

Saura maganar bayanai. Yawan aibu da farashin faifai suna cikin sirrin da masana'antu suka fi tsarewa, ni ban taɓa samun na gaske ba sai da yarjejeniyar rufe baki, ita kuma ta hana ni bugawa. Kayan ƙira na SkyWater mai nanomita 130 da aka buɗe wa kowa tare da Google a 2020 zai ba ki samfuran tiransista da ƙa'idojin zane, amma ba zai ba ki adadin masu kyau ba. Ki gina hujjarki ta yadda za ta tsaya a kan kowane adadin aibu tsakanin iyaka biyu, sannan ki nuna daidai inda sakamakon ke juyawa. Idan kin rubuta wannan sashe ki turo, ni zan duba lissafin aibun, Malam Gwanjo kuma ya duba ko masu tayinki suna da dalilin faɗin gaskiya.