Tsohuwar Porsche 911 ko ta zamani?

Jiya masu harkar mota sun yi ta muhawara kan Porsche 911, ga abin da na tsinta. Yawancinsu sun ce in tsohuwa kake so, irin wadda iska ke sanyaya injinta da aka daina ƙerawa a 1998, to kar ka biya ko sisi sai bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya duba tsatsa da yoyon baƙin mai, don nan kuɗi ke zurarewa, ga kayan gyara da tsada. Amma wallahi ƙarar injin nan daban ce, har cikin ƙirji kake jinta. Ta zamani kuwa ga esi ga birki mai kamawa, sai dai in ta samu matsala sai an jona mata kwamfuta. Mai hawa kullum dai an ce ya ɗauki sabuwa.