Abin da aka tsayar kan ƙwayoyin nano da maganin rauni na gargajiya

An yi muhawara kan ko ƙwayoyin nano za su iya ƙara wa magungunan rauni na gargajiya amfani, kuma ta fi zafi a kan kurkur. Wani mai harhaɗa magunguna ya bayyana cewa sinadarin da ke ba shi launin ɗorawa, wato kurkumin, ba ya narkewa a ruwa kuma yana saurin lalacewa, shi ya sa shafa garinsa a gyambo ba ya kai wa ko'ina. Dabarar masu bincike ita ce su naɗe shi cikin ƙwayoyi ƙanana sosai, waɗanda ake aunawa da nanomita. Kaurin gashin mutum ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000. Sau da yawa ana yin ƙwayoyin da kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, yana sakin maganin sannu a hankali.

An taɓo darbejiya da zogale ma, waɗanda ake amfani da ruwan ganyensu wajen haɗa ƙwayoyin azurfa masu kashe ƙwayoyin cuta. Nan wata ma'aikaciyar jinya ta ja kunne: azurfa in ta yi yawa tana kashe sabon naman da ke tsirowa. Na yarda da ita.

Shawarar da kowa ya amince da ita: yawancin gwaje-gwajen a kan ɓeraye aka yi, don haka kada a haɗa komai a gida. A wanke rauni da ruwa mai tsafta. Mai ciwon suga da ya ji ciwo a ƙafa ya nufi asibiti ranar. Duk man shafawa da ke ikirarin "nano", a duba lambar NAFDAC tukuna.