Tambaya kan baƙin mai: SAE 40 ko 20W-50?

Assalamu alaikum. Littafin motata ya ce a riƙa zuba mata baƙin mai 5W-30 (lambar da ke nuna kaurin man ke nan), amma da injin ya tsufa ya fara shan baƙin mai, sai bakanike ya mayar da ni kan SAE 40, wai mai kauri ne ya dace da zafin ƙasarmu. Shan man ya ragu ƙwarai, sai dai tun shigowar hunturu, idan na tayar da motar da asuba injin yana ƙwanƙwasa, fitilar baƙin mai kuma tana daɗewa ba ta mutu ba. Na yi juye, na sauya filta, amma matsalar tana nan, abin ya dame ni.

Shin 20W-50 zai kawar da wannan ƙarar ba tare da shan man ya dawo ba?