Ɗurin kwanso da gwajin zama: neman suna ga aikin masu raifal mai baki biyu

Mai fassara, Agege:
Jama'a, assalamu alaikum. Ina sa wa wani shirin farautar ɓauna a Tanzaniya muryar Hausa, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira rilodin. Ba sa wa bindiga harsashi suke nufi ba. Mutum ne zai ɗauki kwanson da aka riga aka harba, ya gyara shi, ya sa masa sabuwar ƙwayar wuta a gindi, ya zuba albarushi, ya dasa sabon kai. Bayan ya gama kuma sai ya bi harsasan ɗaya bayan ɗaya yana gwada su a bindigar, ya ga ko sun zauna. Suna biyu nake nema: na aikin, da na gwajin.

Bindigar da ake magana raifal ce mai baki biyu, ba irin dobul barel ɗin da muka sani a hannun 'yan banga da mafarauta ba ce, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Kamarta ɗaya a ido, baki biyu a jere, ana karya ta a tsakiya. Amma cikin bututunta akwai murɗaɗɗen zane, kuma kowane baki harsashi ɗaya tal yake fitarwa, na giwa da ɓauna. Mai lamba .470 Nitro Express, misali, kan harsashinta ya kai giram 32, yana fita da gudun kusan mita 655 a daƙiƙa. Sunan aikin, na fara rubuta "sake ɗuri". Me kuka gani?

Tsohon soja, Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗana, "sake ɗuri" zai ɓatar da mai sauraro. Duk wanda ya taɓa riƙe bindigar toka, in ka ce masa a sake ɗuri, bindigar zai ɗura wa albarushi ta baki. Kai kuwa ba bindiga ake ɗura wa a shirinka ba. Kwanso ake ɗura wa. To ka faɗi abin da ake ɗura wa mana.

Sannan ka sanar da masu kallonka cewa a nan Najeriya ba aikin gida ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba. Namu na gwamnati a Kaduna ake yi, a masana'antar DICON da aka kafa a 1964.

Mai fassara, Agege:
Na gode, Baba. Zan sa wannan gargaɗin a bakin mai gabatarwa. Suna muke nema don mai kallo ya fahimci abin da yake gani, kamar yadda muke da sunan jirgin yaƙi alhali ba mu tuƙa shi.

"Ɗurin kwanso" ke nan. Ya kwanta mini, kuma ga wani dalili da ya ƙara masa ƙarfi: ba kullum tsohon kwanso ake cikawa ba. Masu wannan aiki sukan sayi sabon kwanso fil wanda bai taɓa ganin wuta ba, su ɗura masa da hannunsu. In muka sa "sake" a cikin sunan, mun fitar da su. "Ɗurin kwanso" ya ɗauki sabo da tsoho.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
Malam, ni "sabunta harsashi" na so in kawo, don ya fi sauƙi a kunnen wanda bai san bindiga ba. Matsalar ita ce mu Hausawa harsashi muke ce wa duka abin, harsashi muke ce wa kan da ya fita ya sami dabba. Wanne aka sabunta? Shi kan ya tafi, ba ya dawowa. Don haka na janye. Amma ina da tambaya: me ya sa mai kuɗin sayen irin wannan bindiga zai zauna tsintar kwanso? Ba zai sayi sabon harsashi ba?

Mai fassara, Agege:
Malama, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Dalili biyu ne.

Na farko tarihi. Kamfanin John Rigby na Landan ne ya fito da .450 Nitro Express a 1898, ya zama abin yayi wurin masu farautar Afirka da Indiya. Da Ingila ta hana shiga da harsashi mai faɗin lamba .450 Indiya da Sudan wajen 1907, maƙeran bindiga suka yi ta fito da masu maye gurbinsa, cikinsu har da .470 ta Joseph Lang. Kusan dukkansu kamfanin Kynoch na Birmingham ne ke yi musu harsashi. Da Kynoch ya daina, bindigogi masu tsada suka koma kayan ado a bango, sai wanda ya adana kwansonsa ya iya ɗura masa. Sai a 1989 kamfanin Federal na Amurka ya fara sayar da harsashin .470, kuma har yau akwai tsofaffin lambobin da samun harsashinsu a kanti sai an sha wuya.

Na biyu ya fi muhimmanci. Bututu biyun nan ba a miƙe suke sak ba. Maƙeri yakan haɗa su da dalma, ya harba, ya narke haɗin, ya ɗan gusa, ya sake harbawa, har sai dama da hagu sun faɗa wuri ɗaya a tazarar da aka zaɓa, galibi tsakanin yadi 50 zuwa 100. Kuma da harsashi iri ɗaya aka yi wannan daidaitawa, mai nauyi kaza da gudu kaza. Ka canza nauyin ko gudun, sai bakunan su rabu, ko su giciye, na dama ya faɗa hagu. Tsofaffin bindigogin nan da albarushin kodayit aka daidaita su, mai kama da siraran tsinkaye, wanda aka daina yi tuntuni. Mai ɗurin kwanso yana neman ɗurin da zai sa bakuna biyu su sake yarda da juna. Ba rowa ce ta zaunar da shi ba.

Maƙeri, Mile 12:
Ni bindiga ba sana'ata ba ce, amma tagulla na san halinta. Malam, ka ce ana gwada kwanso ya zauna. Ai dole. Tagulla in ta sha wuta da matsi buɗewa take yi, ta ɗauki siffar ramin da take ciki. In ka yi ta lanƙwasa ta kana mayarwa kuma sai ta yi tauri, daga nan sai tsagewa. Mu sai mun mayar da ita wuta ta yi laushi kafin mu ci gaba da bugu.

Mai fassara, Agege:
Wallahi Yaya, abin da ke faruwa ke nan daidai. Tagullar kwanso haɗi ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Lokacin harbi takan kumbura ta manne da bangon mazaunin harsashi, ta toshe hayaƙi kada ya dawo fuskar maharbi, sannan ta ɗan koma. Ba ta komawa duka. Shi ya sa ake matse ta cikin wani ƙarfe mai rami ta dawo ƙirarta, kuma wuyan kwanson ne ke fara tsagewa in ya gaji.

A nan raifal mai baki biyu ta bambanta da sauran. Bindiga mai sakata, wadda ake ja a tura da hannu don shigar da harsashi, tana da ƙarfin tura kwanson da ya ɗan yi kauri, tana da ƙarfin fizgo shi. Wannan kuwa karya ta ake yi a rufe, ba ta da wannan ƙarfin. Kwansonta leɓe ne da shi a gindi, a kan leɓen yake tsayawa, leɓen kuma ɗan ƙarfen fitarwa ke kamawa ya ɗago shi. In leɓen ya ɗara kauri kaɗan, bindigar ba za ta rufu ba. In jikin ya kumbura, zai shiga rabi ya cije.

Na tsayar da hoton shirin a daidai wurin na duba da kyau. Mutumin ya cire bututun daga jikin bindigar, ya riƙe shi baki na kallon ƙasa, ya saki harsashi cikin ramin dama. Ya faɗa da nauyinsa, ƙwal. Ya shafa babban yatsa a kan gindin ya ji ko ya yi daidai da fuskar ƙarfen, ya kifa bututun, harsashin ya zubo tafin hannunsa. Sai ya sa shi a ramin hagu. Wanda ya ƙi zama a ɗaya daga ciki, gefe ya ajiye shi. Kamar takalmi ne, sai ka sa ƙafa biyun kafin ka biya, don ramukan biyu da wuya su zo daidai da juna ɗari bisa ɗari. Mutumin da ɓauna mai rauni ta nufo daga taku goma ba shi da lokacin dannawa.

Malamar Hausa, Idi-Araba:
To ai ka riga ka faɗi sunan da bakinka tun ɗazu. "Ya zauna", "ya ƙi zama". Gwajin zama. "Awo" ba zai yi ba, don awo da ma'auni ake yi, wannan kuwa bindigar ce da kanta ke yanke hukunci. Ramin kuma "mazauni", su tafi tare.

Tsohon soja, Obalende:
Na yarda da Malama. Ɗurin kwanso, mazauni, gwajin zama. Wanda ke yin aikin kuma mai ɗurin kwanso. Amma ɗana, "leɓe" ɗin nan ka ƙara masa "gindi" kowane lokaci, leɓen gindi, don kada a zaci bakin kwanson kake nufi inda kai ke shiga.

Mai fassara, Agege:
An gama, Baba. Ga yadda jimlar za ta fita a shirin: "Bayan ya kammala ɗurin kwanso, sai ya yi wa kowane harsashi gwajin zama a mazaunin dama da na hagu, don leɓen gindi in ya yi kauri bindiga ba ta rufuwa."

Saura aikin maƙerin nan na sa bututu biyu su faɗa wuri ɗaya. "Daidaita baki" na rubuta a takarda, amma yana jawo hankali zuwa haɗa baki na mutane. Yaya maƙeri, in kuna haɗa ƙarfe biyu da dalma kuna gusawa har su yi daidai, me kuke ce wa wannan a maƙera?