Tambaya akan tambarin jirgin yaƙin nan HMS Nigeria

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin tarihin sojan ruwa ku taimaka min, na ga hoton tambarin wani tsohon jirgin yaƙin Ingila mai suna HMS Nigeria, a tsakiyarsa akwai tauraro mai tsini shida irin wanda ke tutar Isra'ila, a sama kuma wani kambi ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Mene ne haɗin Najeriya da wannan tauraro? Kuma wa ke zana wa jirage waɗannan abubuwan, ko kyaftin ne kawai yake zaɓar abin da ya ga dama?

Malam Na-Tudu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka babu ruwan Isra'ila a ciki, jirgin an saka shi a ruwa 1939 ita kuwa Isra'ila sai 1948 aka kafa ta. Tauraron nan shi ne alamar Najeriya ta zamanin Turawa, tun daga 1914 da aka haɗe Arewa da Kudu har zuwa 1960 yana jikin tuta, kore ne a cikin jan da'ira da kambin sarkin Ingila a tsakiya. Tambayi duk wani dattijo da ya riƙe kwabo mai huji ko anini zai gaya maka akwai shi a jiki. Malamanmu hatimin Annabi Sulaimanu suke ce masa, kuma Lugard da bakinsa ya ce a jikin wani tulun tagulla ya gan shi, wanda sojojinsa suka kwaso daga gidan Sarkin Sudan na Kontagora bayan sun ci garin a 1901. Wallahi duk sanda na tuna wannan abin yana taɓa ni, kayan da aka ɗauke a gidan sarki ranar da aka ci shi da yaƙi shi ne ya koma alamar ƙasa baki ɗaya har ya hau goshin jirgin yaƙinsu.

Uwar Khalifa:
Malam ka gama magana, bari in ɗan ƙara akan ɗaya tambayar. Da can kam kusan haka ne, kowane kyaftin yana yin nasa da kuɗin aljihunsa, in an canza kyaftin sai a canza tambari. Sai a 1918 hukumar sojan ruwan Ingila ta kafa kwamiti na musamman, wani Charles ffoulkes mai kula da gidan tarihin yaƙi a Landan shi ya riƙa zanawa, ya yi ɗaruruwa kafin ya ajiye a 1935. Kambin da ka gani ka ƙara girman hoton ka duba sosai, ba lu'ulu'u ba ne a samansa, bayan jirgin katako ne da filafilan jirgi (wato yadin nan da ke kama iska) aka jera, wannan sai wancan, gefen tambarin kuma igiya ce aka naɗa mai ruwan zinare. A tsarin farko ma daga siffar kaɗai za ka gane irin jirgin, manya-manyan da'ira, masu bi musu irin su Nigeria kusurwa biyar, ƙanana masu gudu kuma siffar garkuwa. A 1940 ana tsakiyar yaƙi suka ce a bar wahala a koma da'ira.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode ƙwarai. To shi jirgin ina ya ƙare?

Malam Na-Tudu:
Ya sha wuya kam. A watan Agusta 1942 yana rakiyar jiragen da ke kai wa tsibirin Malta mai da abinci wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum ya harbe shi, mutane sun mutu amma bai nitse ba, aka lallaɓa da shi Jibralta daga baya aka kai shi Amurka gyara. Bayan yaƙi aka sayar wa Indiya, a 1957 ya koma INS Mysore. Tambari suna yake bi ba ƙarfen jirgi ba, shi ya sa tauraron ya sauka tare da sunan. Har yanzu Indiya na da wani sabon Mysore, nasa tambarin tsuntsu ne mai kai biyu na gidan sarautar Mysore.