Tarkacen roka da ke kewaya rana: wa ya taɓa yi wa yaro bayaninsa?

Malamar firamare, Gwale:
Assalamu alaikum. Jiya ina koya wa 'yan aji biyar duniyoyin da ke kewaya rana, sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, idan roka ta sauke kayanta, ita ina take zuwa?" Na ce wani sashen teku yake faɗawa, wani ya ƙone a iska. Ta ce, "Duka?" Nan na yi tsit. Da daddare na bincika, ashe akwai waɗanda ba su dawo ba, suna can suna kewaya rana kamar duniyarmu. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan tambayar ya taimaka, ina so in koma mata da cikakkiyar amsa ranar Litinin.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ɗana ne. Lokacin zafi, an ɗauke wuta, muna kwance kan tabarma a tsakar gida, ya hango wani ɗan haske yana tafiya a hankali tsakanin taurari. Washegari a shago na nuna masa jar motar Tesla da aka harba sararin samaniya a Fabrairun 2018, da mutum-mutumi a kujerar direba. Ita ma rana take kewayawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, 'yan jari bola ba za su ɗauko ta ba?" Na ce kuɗin zuwa ya ninka na ƙarfen nesa ba kusa ba.

Ɗalibin fiziks, Jami'ar Bayero:
Yallaɓai, hasken da yaronka ya gani duniya yake kewayawa. Na kewayen rana sun yi nisa, ido ba ya kai musu.

Malama, ƙanwata na yi wa wannan bayanin, kuma ga labarin da ya kama ta. A Satumban 2020 na'urar hangen nesa a Hawai ta gano wani abu, aka ɗauka dutsen sararin samaniya ne, har aka sa masa suna 2020 SO. Sai masana suka lura hasken rana ma yana ɗan tura shi. Na ɗauko gwangwanin madara da ba komai a ciki da tsakuwa, na ce ta hura su. Gwangwanin ya gangara, tsakuwar ko gezau. Nan take ta gane. Abin da aka gano ɗin holoƙo ne kamar gwangwanin, gangar rokar da ta ɗauki kumbon Surveyor 2 zuwa duniyar wata a 1966. Shekara 54 tana yawo, ta leƙo duniya na 'yan watanni, a 2021 ta koma kewayen rana.

Malamar firamare, Gwale:
Allah ya saka da alheri, ƙanena. Ranar Litinin da gwangwanina zan shiga aji, tsakuwa kuwa yarinyar zan aika ta tsinto a bakin famfo.